Idan Bes Ya Danne Kalangu, Wa Zai Ji Maganar?



Watannin baya maigidanmu, wanda muke riƙe wa takardu, ya tara mu a zaurensa ya kawo wata damuwa. Tsohon makaɗin da ya yi wa mahaifinsa kiɗa ranar naɗi ya fara rauni, hannu ya soma rawa. 'Ya'yansa kuwa, ɗaya direba ne, ɗaya yana ƙasar waje, babu wanda ya gaji kalangu. Take-taken gidajen zango da kirarin kakanninmu duk suna cikin kan mutum ɗaya mai shekaru da yawa. Maigida ya ce a nemi hanyar adana su tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Aka samo wani yaronmu mai ɗan ɗakin haɗa sauti a bayan Kasuwar Malam Atta, wanda ya koyi karanta rubutun kiɗa irin na layi biyar tun yana makaranta. Ya yi makonni yana zuwa gidan tsohon, yana ɗaukar kiɗan da waya, yana komawa yana zuba shi cikin MuseScore, manhajar da ake rubuta kiɗa da ita kyauta. Irin wannan manhaja ba rubutu kaɗai take yi ba: idan an gama, ana latsa maɓalli ta kaɗa abin da aka rubuta. Yaron ya sa layin kalangu, ya sa layin ganga, ya ƙara gitar bes daga kansa don kiɗan ya cika, ya ɗora muryar maroƙi a kai.

Ranar da aka zo saurare, aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka yi hayar manyan sifiku irin na biki. Da aka kunna, kujeru suka ɗauki rawa, kwanon rufi ya shiga kaɗawa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Ɗana, wannan tsawa ce ko kiɗa? Ina jin ƙirjina yana bugawa, amma ban ji sunan mahaifin maigida ba." Yaron ya durƙusa ya ce: "Baba, wallahi a kwamfutata ba haka yake ba. Can da ƙyar ake jin bes ɗin, shi ya sa na ƙara shi."

Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mun gane matsalar ba ta wannan yaro kaɗai ba ce. Ita muke ji a kowane suna da kowane ɗaurin aure. Ra'ayinmu a taƙaice: a kiɗan Hausa, ma'aunin bes shi ne magana. Idan ana jin abin da mawaƙi da kalangu suke faɗa, bes ya yi daidai. Idan ba a ji, ya yi yawa, kome daɗinsa a ƙirji.

Mu fara da yadda abin yake aukuwa, domin yaron ya zauna ya yi mana bayani, mu ma mun bincika. Sauti girgizar iska ce. Kunnen mutum mai lafiya yana kama girgiza daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Mai yawan girgiza shi ne siririn amo, mai ƙarancinta shi ne kakkauran amo, wanda matasa ke kira bes. Tsirkiya mafi kauri a gitar bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kimanin sau 41 a daƙiƙa. Kafin sifika ta fitar da amo mai kauri haka, sai ta tura iska mai yawa, wato sai tana da faɗi da ƙarfi. Sifikar waya ko ta ƙaramar kwamfuta, wadda ba ta fi ƙwandala girma ba, ba ta da wannan iko. Saboda haka bes yana nan cikin aikin, sifikar ce ta kasa furta shi. Mai aiki sai ya ɗauka ya yi kaɗan, ya yi ta ƙarawa. Ranar da aka kai aikin wurin sifikar da za ta iya, duk abin da ya tara sai ya fito gaba ɗaya.

Kunne ma yana da nasa hali. A shekarar 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna yadda mutane ke jin ƙarfin sauti. Suka nuna cewa kunne ba ya yi wa amo adalci: ya fi saurin kama girgiza ta tsakanin sau 2,000 zuwa 5,000, yana da nauyin ji wajen kakkauran amo, musamman idan an yi ƙasa da ƙara. Da an ɗaga ƙara kuwa, sai bes ya taso fiye da yadda sauran suka taso. Wanda ya daidaita kiɗa da dare a hankali don kada ya tashi maƙwabta, zai ji bes ya yi kaɗan. Kiɗan nan dai, a bakin sifikar biki, bes ne zai yi sarauta. Ga kuma abu na uku: kakkauran amo mai ƙarfi ya fi iya rufe siririn da ke samansa, fiye da yadda siririn zai iya rufe shi. Shi ya sa ba a taɓa jin kalangu ya danne bes, kullum bes ne ke danne kalangu.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Ai rawa ake so, kuma bes ne ke tayar da rawa. Ba mu musa ba. Kakkauran amo ba baƙo ba ne a wurinmu. Tambarin sarauta ana jin sa daga nesa, gangar noma tana da gurnani, maƙwabtanmu Dagomba suna haɗa lunga da babbar gangarsu ta gungon, kuma duk wanda ya tsaya kusa da su ya san amon yana shiga jiki. Yaran Nima ma sun ba da gudummawa a kiɗan zamani na Ghana, ƙungiyar VIP daga nan ta fito, kuma irin wannan kiɗa a kan bes aka gina shi. Ba mu zo hana kowa abin da yake so ba.

Amma kiɗan da muke magana a kansa yana da wani aiki bayan tayar da rawa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa, ko ta sauka, ko ta faɗi. Da karin sauti ake raba kuka na hawaye da kukar miya. Kalangu kuwa an ƙirƙire shi ne don ya bi wannan kari: makaɗi ya matse tsirkiyoyi a hammata amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka, har mai sani ya ji suna da kirari ba tare da an buɗe baki ba. Take magana ce da aka ɗora a kan fata. Wanda ya rufe ta da gurnanin bes tamkar ya sa wa mai jawabi hannu a baki ne.

Ku tuna manyan mawaƙanmu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangai ya yi zamaninsa, kuma a tsofaffin kaset-kaset da iyayenmu suka riƙa sayowa babu kalmarsa da take ɓacewa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntigi kawai yake riƙewa, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, amma ya cika dandali. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi wa sarakuna waƙa. A duk waɗannan, kayan kiɗa suna zama ƙarƙashin murya, suna buɗa mata hanya idan ta zo, suna cike gurbi idan ta huta. Wannan tsari ne da makaɗa suka sani da hannu da kunne tun kafin a ƙera kwamfuta. Manhaja ba ta san shi ba, domin ba don kiɗanmu aka fara yin ta ba. Sai mai amfani da ita ya sanar da ita.

A nan ne muka ga kuskuren da ya fi ba mu tsoro. Rubutun kiɗa yana da alamomin ƙarfi da aka gada daga Italiyanci: harafin p yana nufin a yi a hankali, f yana nufin a yi da ƙarfi, a ninka harafin idan ana son ƙari. Manhaja tana juya waɗannan alamomi zuwa lambobi, domin a tsarin MIDI, wanda kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi tun 1983, ƙarfin bugu yana tsakanin 0 da 127. Da yaron ya ji bes bai fito a kwamfutarsa ba, sai ya koma kan takardar ya canza alamar ganga da ta bes zuwa mafi ƙarfi. Wato ya gyara rubutu don ya rufe rashin ƙarfin sifika. Ku duba abin da wannan zai haifar. Bayan shekara hamsin, tsohon ya tafi, mu ma mun tafi, wani jikanmu ya ɗauko takardar yana son ya san yadda ake kaɗa taken gidansu. Zai karanta cewa ana dukan ganga da iyakar ƙarfi, zai kuma gaskata, tunda a rubuce ya gani. Ƙarya ta shiga tarihi ke nan ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba.

Mu da muka yi karatun allo muka saba da ajami mun san iyakar rubutu. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ajami ma ba ya nuna karin sauti. Wanda ya san harshen shi ke cika abin da alƙalami ya bari. Waƙoƙin da Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta da Hausa da Larabci sun iso mana a takarda, amma wanda bai ji yadda ake rera irinsu daga bakin malami ba, haruffa kawai ya samu. Kuma mun san ladabin mai kwafi: ba ya canza kalmar marubuci don tawadarsa ta yi ruwa. Sai ya gyara tawadar. Haka ya kamata mai rubuta kiɗa ya yi. Takarda amanar makaɗi ce, a rubuta abin da hannunsa ya yi. Abin da ya shafi sifika kuwa, a gyara shi a mahaɗar sauti, wato wurin da manhaja ta ware don ɗaga ƙarar kowane kayan kiɗa ko rage ta ba tare da an taɓa rubutu ba. MuseScore tana da shi, Sibelius da Dorico ma suna da shi.

Ga abin da muka koya daga zama na biyu, bayan yaron ya koma ya sake aikin. Muna kawo shi don sauran matasanmu masu wannan sana'a.

Na farko, a tabbata an zaɓi kayan kiɗan da ya dace a cikin manhaja. Gitar bes da babban gogen Turawa da ake kaɗawa a tsaye, dukansu amonsu yana fita da tsani guda cikakke ƙasa da yadda ake rubuta su. Wanda ya rubuta layin bes a ƙarƙashin sunan wani kayan kiɗa, ko ya sauke shi da kansa bayan manhaja ta riga ta sauke, zai sami amo a inda bai nufa ba, ko ya yi sama ya shiga hanyar kalangu, ko ya yi ƙasa ya zama gurnani marar fasali.

Na biyu, a fara da magana. A rufe bes gaba ɗaya, a daidaita murya da kalangu har su zauna daram. Sannan a riƙa ɗaga bes sannu a hankali har a fara jin nauyinsa, a tsaya, a ɗan mayar da shi baya. Yadda ake sa daddawa a miya ke nan: rashinta yana bayyana, yawanta yana ɓata tukunya.

Na uku, kada a yarda da sifika ɗaya. A saurara a waya, a saurara da abin saƙalawa a kunne, a je kuma a saurara a manyan sifikun da za a yi amfani da su, a fili, da ƙarar da za a yi amfani da ita. Ƙaramin ɗaki yana yaudara, domin bango da kusurwa suna tara kakkauran amo a wani wuri su rage shi a wani, har mutum ya matsa taku biyu ya ji kamar an canza kiɗa.

Na huɗu, idan ana son a ji bes a waya, ƙara masa ƙarfi ba shi ne magani ba. Kowane amo yana tafe da 'ya'yansa, wato ƙananan girgiza masu ninkin tasa, sau biyu, sau uku, sau huɗu. Idan waɗannan sun fito, kunne da kansa yana gane uwar ko da sifika ba ta furta ta ba. Saboda haka a zaɓi muryar bes mai ɗan kaifi, irin wadda ake jin tsinkar yatsa a kan tsirkiya, sai ta bayyana a waya ba tare da ta rushe rumfa a wurin biki ba.

Na biyar, kada a haɗa sarakuna biyu a gari ɗaya. Ganga da gitar bes wuri ɗaya suke nema. Idan za su yi tare, ɗaya ya bar wa ɗaya fili. A aikinmu, tsohon ya ce a cire gitar ɗungurungum daga take-taken, tunda ba da ita aka gaje su ba, a bar ta a waƙoƙin rawa na mata idan ana so. Muka ga hikimar wannan.

Na ƙarshe shi ne gwajin da ba ya bukatar na'ura. A kira wanda bai taɓa jin waƙar ba, a kunna masa sau ɗaya, a ce ya maimaita abin da aka faɗa. A kira kuma dattijon da ya san harshen kalangu, a tambaye shi taken wa ya ji. Idan su biyun sun amsa daidai, aiki ya yi. Kunne ya girmi kaka, in ji Hausawa, ya kuma girmi kwamfuta.

Akwai wata gargaɗi da ta wuce batun ƙara. Layi biyar na Turawa an tsara shi ne a kan matakan amo ƙididdigaggu, kalangu kuwa yana zamewa tsakanin matakai kamar yadda murya ke yi. Rubutu zai kama lokacin bugu da kusan tsayin amo, ba zai kama zamiyar duka ba. Farfesa Kwabena Nketia na Jami'ar Ghana da ke Legon, wanda ya rasu a 2019, ya shafe rayuwarsa yana rubuta kiɗan ƙasar nan, amma bai tsaya ga takarda ba, ya yi ta ɗaukar sauti daga bakin masu shi, kuma taskar da ke ɗauke da sunansa a Legon tana nan. Mu ma haka za mu yi: takarda, da sautin tsohon na asali, da kalmomin kowane take a rubuce da Hausa, a ajiye su tare. A buga takardar a zahiri kuma, a yi kwafi fiye da ɗaya. A watan Agusta na 2024 kamfanin da ke yin Finale, manhajar rubuta kiɗa da aka yi fiye da shekara 30 ana amfani da ita a duniya, ya sanar da cewa ya daina ta. Manhaja tana mutuwa kamar yadda makaɗi ke mutuwa.

Ba za mu rufe ba sai mun juya ga masu sifikun haya da masu biki, domin abin da ya faru a kwamfuta shi ke faruwa a titunanmu kowane ƙarshen mako. Kakkauran amo ya fi siriri iya ratsa bango. A gidajen haya na Nima da Mamobi, inda ɗaki ke manne da ɗaki, mara lafiya da jariri da ɗalibi mai jarrabawa ba sa jin waƙar, dukan bes kawai suke ji har tsakar dare. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Ghana a unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraren ƙara mai desibel 80, kuma gaban sifikar biki ya zarce haka nesa. Yaranmu ne ke tsayawa a wurin suna rawa. Masu masaukinmu, mutanen Ga, kowace shekara suna hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikin Homowo, mu kuma muna kiyayewa. Idan za mu iya rage ƙara don girmama al'adar maƙwabta, za mu iya ragewa don kunnen 'ya'yanmu da darajar harshenmu.

Harshen nan ne abin da muke tsoron rasawa. Mu tsiraru ne a wannan birni. Yaranmu suna tashi da Turanci a makaranta, da Twi da Ga a kasuwa da cikin mota, Hausarsu kuwa ta ciniki da gaisuwa ce mafi yawa. Wurin biki da naɗi yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda yaro zai ji Hausa mai zurfi, ya ji kirari da karin magana da sunayen kakanninsa da garuruwan da suka fito, Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zazzau. Idan a nan ma bes ya cinye kalmomin, ina kuma zai ji su?

A zama na biyu aka sake kafa rumfar, da sifikun nan dai na farko. Da aka kunna, tsohon ya sunkuyar da kai yana bi da yatsa a kan gwiwa. Can ya ɗago ya ce wa maigida: "Ranka ya daɗe, ga taken mahaifinka nan, yanzu na ji shi." Ya juya ga yaron ya ce: "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma gobe ka zo da safe, ka bar kwamfutar a gida, in ɗora maka kalangu a kafaɗa." Yaron yana zuwa har yanzu, ranar Asabar da Lahadi.

Muna roƙon duk gidan da yake da tsohon makaɗi ko maroƙi ko zabiya da ya yi irin wannan ƙoƙari tun suna raye. Matasan da suka iya na'ura kuma, ku riƙa zuwa da kunnen ɗalibi. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya yi wa zuriyarmu albarka, ya zaunar da zangunanmu da ƙasarmu Ghana lafiya. Wassalam.